Mece ce Katangar Bishiyoyi ta Afirka?

Duk lokacin da damina ta faɗi aka fara rabon dashe, sai a ji sunanta a rediyo. Shiri ne da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada, daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000. Jihohi 11 na Arewacin Nijeriya ne ke ciki, har da Sakkwato, kuma a 2015 Nijeriya ta kafa masa hukuma ta musamman.

Yaya take aiki? Ana renon iri a lambun dashe, sannan a dasa shi layi-layi a gefen da iska ke bugowa, don ya rage mata ƙarfi ya hana rairayi binne shuka. Darbejiya da dakwara suna jure fari. Amma gawo ya fi su amfanar manomi: yana zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne gero, ganyen kuma ya zama taki. A Maraɗi, maƙwabciyar Sabon Birni ta jihar Sakkwato, tun shekarun 1980 manoma ke barin tohon kututture ya girma a gona maimakon sassabe shi, kuma wannan ya fi dashe arha nesa ba kusa ba.

Manomi da makiyayi da mai neman itacen girki a Isa da Sabon Birni, duk abin ya shafe su. Babban cikas shi ne 'yan bindiga, domin gonar da ba a iya zuwa, ba mai shayar da dashenta. Wanda ya samu shiga gonarsa bana, don Allah ya bar gawon da ya tsiro.