Ciwo guda, suna da yawa



Ciwo guda yana da suna da yawa. Wani ya ce zawo, wani ya ce gudawa. To, in ka tahi ɗakin littattahai neman littahi bisa wannan ciwo, wane suna za ka nema?

Ma'aikatan wurin suna zaɓen suna guda. Mu ce zawo. Duk littahin da ya yi maganar ciwon, ana rubuta shi ƙarƙashin wannan suna, bisa kati ko cikin kwamfuta. In ka nemi gudawa, sai ka iske an rubuta: "Duba zawo." Kada ka koma gida ka ce babu littahi. Hanya ce aka gwada maka, bi ta.

Wani lokaci za ka ga "Duba kuma." Kada ka rena shi. Yana iya kai uwar da ɗanta ke zawo ga littahin ruwan gishiri da sukari, abin da ke hana jikin yaro bushewa.

Babban ɗakin littattahan aikin likita na Amurka ya hiddo jerin irin waɗannan sunaye cikin 1960. Kowace shekara ana gyara shi, don sabon ciwo yana ɓullowa.