Kwalin Faifan Shirye-shiryen Talabijin: Tsada Daban, Algus Daban

A watan Mayun 2000 kamfanin Fox na Amurka ya tattara zangon farko na shirin The X-Files, kashi 24 a kan faifan DVD 7, ya zuba a kwali guda ya sa masa kusan dala 150. Kafin nan kamfanoni kan sayar da shirin talabijin ne gutsure-gutsure; tsohon shirin Star Trek na shekarun 1960, alal misali, kashi biyu-biyu aka riƙa sa shi a faifai har faifai 40. Kwalin Fox ya karɓu, HBO ta biyo baya da The Sopranos a kan kusan dala 100 kowane zango, kuma tun daga lokacin masu saye ke ƙorafin cewa ana tatsar su. Ƙorafin yana da tushe, sai dai yawanci ana ɗora shi a inda bai dace ba. A ganina yawan kuɗin da aka rubuta a bayan kwali ba shi ne abin zargi ba. Abin zargi shi ne a karɓi kuɗin cikakken kaya a miƙa ragagge, sannan a hana waɗanda suka yi wahalar aikin kasonsu.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta roba: buga faifai dubbai a masana'anta kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, to me ya kai kwali dala ɗari? Gaskiya ne robar ba ta da tsada, amma ba ita ake saye ba. Abin da ke cikinta shi ya ci dukiya, kuma dukiyar ba ƙarama ba ce. Kowane kashi na zangon ƙarshe na Game of Thrones a 2019 ya lashe kimanin dala miliyan 15. Za a ce ai tallace-tallace da kuɗin da masu kallo ke biyan tasha sun riga sun mayar da wannan jari. Ba haka tsarin talabijin na Amurka ya ginu ba. Shekara da shekaru, abin da tasha ke biyan kamfanin da ya shirya fim ba ya kaiwa kuɗin da aka kashe, sai kamfanin ya ɗauki giɓin da fatan cike shi daga baya, ta hanyar sayar wa ƙananan tashoshi da ƙasashen waje, daga bisani kuma faifai. Shiri ɗaya da ya ci kasuwa shi ke ɗaukar nauyin da yawa da suka faɗi. Shirin zane na Family Guy shaida ne: Fox ta soke shi a 2002, cinikin faifansa ya bunƙasa a 2003, aka dawo da shi a 2005. Kuɗin masu sayen kwali na cikin abin da ya tashe shi.

Wani lokaci ma kwalin kansa aiki ne sabo. Da CBS ta so fitar da Star Trek: The Next Generation a faifan Blu-ray tsakanin 2012 da 2014, sai da aka koma ga ainihin fim ɗin da kyamara ta ɗauka, aka sake haɗa kashi fiye da 170 ɗaya bayan ɗaya, domin haɗin farko a kaset na bidiyo aka yi shi, hotonsa ba zai ɗaukaka ba. Ɗan'uwansa Deep Space Nine har yau bai samu wannan gata ba, kuma tsadar aikin ce dalili. Wanda ya biya kuɗi mai kauri a kan irin wannan kwali ya biya ladan gumi ne na gaske.

Ga kuma abin da masu ƙorafi kan manta: farashin ranar fitowa ba ya daɗewa. Kamfani yakan fara da masu ɗoki, waɗanda ba za su iya jira ba, sannan ya yi ta saukowa har kwalin ya isa hannun mai ƙaramin ƙarfi, kuma manyan kantuna ma ba kasafai suke sayarwa a kan farashin da aka rubuta ba. Mai haƙuri yakan samu da rahusa, ko ya sayi na hannu, tunda dokar Amurka ta ba wanda ya sayi faifai damar sayar da shi ko ba da aronsa. Ban ga zalunci a nan ba, domin shirin talabijin ba magani ba ne, jiran shekara guda ba ya cutar da kowa.

Inda cutar take shi ne abin da ke cikin kwalin. Yawancin tsofaffin shirye-shirye sun sayi izinin waƙoƙin da suka sa ne domin watsawa a tasha kawai, a zamanin da babu wanda ya yi tunanin sayar da su a faifai. Da faifai ya zo, masu haƙƙin waƙoƙin suka nemi sabon kuɗi, kamfanoni da yawa kuwa suka zaɓi hanya mai arha: a cire waƙar a liƙa wata. WKRP in Cincinnati shiri ne a kan gidan rediyo, waƙa ita ce jininsa, amma kwalin da Fox ta fitar a 2007 an sauya kiɗansa, har an yanke wasu wurare. Shirin Married... with Children ya rasa waƙar buɗewarsa ta Frank Sinatra a yawancin kwalayen da Sony ta buga. Masu kare kamfanoni za su ce ana rubuta gargaɗi a bayan kwali, kuma da a rasa shirin gaba ɗaya gara a samu ragagge. Gargaɗin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe, wanda bai faɗi wace waƙa aka cire ko nawa aka yanke ba, fita haƙƙi ne na baka kawai. Batun cewa babu wata hanya kuma, ƙananan kamfanoni sun ƙaryata shi: a 2014 Shout! Factory ta sake fitar da WKRP da mafi yawan waƙoƙinsa na asali, Time Life kuma ta fitar da The Wonder Years bayan ta bi masu waƙoƙi ta biya. Kwalayen nan sun yi tsada, kuma tsadarsu halal ce. Mai awo yana da ikon tsawwala kuɗin mudu, mai saye ya ga dama ya wuce. Tauye mudun ne ba shi da uzuri.

Akwai sauran dabaru masu kama da wannan. Ana raba zango ɗaya gida biyu a sayar daban-daban, kamar yadda aka yi wa zango na biyu na Battlestar Galactica. Ana barin mai biyayya ya tara zango-zango na tsawon shekaru, sannan a fito da cikakken kwali mai ƙarin abubuwan da babu su a nasa, ya zama wanda ya fi kowa riƙon amana shi ya fi kowa biya. Sannan ga kulle na yanki: an kasa duniya gida shida, Amurka da Kanada yanki na 1, Turai da Japan na 2, Najeriya da Nijar da yawancin Afirka na 5, domin faifan wani yanki ya ƙi aiki a na'urar wani. Mutumin da ya biya cikakken kuɗi ya kuma samu na'urarsa ta ƙi karɓa bai mallaki abin da ya saya ba.

Hujjar cewa tsadar shiri ce ta sa kwali tsada tana da rauni guda da bai kamata a ɓoye ba, wato ina kuɗin ke tafiya. Lokacin da cinikin DVD a Amurka ya kai ƙololuwa wajen 2005, yana kawo kimanin dala biliyan 16 a shekara, marubuta suna karɓar abin da ya kama kusan senti 4 ne a kan faifan dala 20, bisa wani lissafi da aka ƙulla tun shekarun 1980, zamanin da buga kaset ke da tsada. Ƙungiyarsu ta nemi a ninka shi, kamfanoni suka ƙi, kuma yajin aikin kwana 100 da ya gudana daga Nuwamban 2007 zuwa Fabrairun 2008 ya ƙare ba tare da an taɓa lissafin faifai ba. Kamfanin da ke ce wa mai saye fasaha tana da tsada, ya juya ya ce wa mai fasahar senti 4 ya ishe shi, ya rushe hujjarsa da hannunsa.

Wasu za su ce zancen ya wuce, tunda da kuɗin wata kaɗan ana kallon dubban shirye-shirye ta intanet. Amma wannan haya ce, kuma mai gida yana iya kwashe kayansa duk ranar da ya so. A Disamban 2022 aka cire Westworld daga HBO Max, shirin da HBO da kanta ta yi. A Mayun 2023 Disney+ ta cire shirin Willow mai dogon zango watanni kaɗan da fitowarsa, alhali ba a taɓa buga shi a faifai ba, don haka babu halastacciyar hanyar ganinsa. Wannan ya ƙara wa kwali daraja, bai rage ba.

Wasu kuma za su nuna faifan satar fasaha mai ɗauke da zango guda a kan 'yan kuɗi kaɗan, su ce ga farashin gaskiya. Masu shirya fim a Kano sun san ƙarshen wannan lissafi. Kasuwar faifai da ta riƙe masana'antar Kannywood ta durƙushe a hannun masu kwafi da masu tura fim a waya, har aka koma tashoshi irin su Arewa24 da shafin YouTube da finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So. Arhar da ba ta mayar wa mai shiri ko sisi ba, ta kashe kasuwar ne, ba ta gyara farashinta ba.

Kasuwar halal ɗin ma tana ƙanƙancewa a Amurka. Netflix ta daina aika faifai ta gidan waya a Satumban 2023, kantunan Best Buy suka daina sayar da shi a farkon 2024. Idan masu saye suka ragu, kuɗin gyaran hoto da na izinin waƙa zai rabu ne a kan mutane kaɗan, saboda haka kwali mai inganci zai ƙara tsada nan gaba, kuma ƙananan kamfanoni irin waɗanda suka ceto WKRP su ne za su fi buga shi. Abin da masu saye ke da haƙƙin nacewa a kai shi ne a rubuta ɓaro-ɓaro a gaban kwali ko an sauya waƙa, ko an yanke wani wuri, da kuma yankin da faifan ke aiki.