Ruwan Hunturun Ingila: Ina Iyakar Sanin Masu Duba Yanayi?

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, hunturun da muka sani a gida na ƙura ne da hazo da kaushin ƙafa. Amma a Ingila ba haka abin yake ba. Can da Nuwamba da Disamba sun kama, sai ruwa da iska su ce salamu alaikum. Yau a yi yayyafi, gobe a yi kamar da bakin ƙwarya, jibi rana ta leƙo. Saboda haka manomi da matuƙin jirgi da mai gida a bakin kogi, kowa kunnensa na wajen masu duba yanayi.

Dalilin wannan kuwa shi ne, akwai wata iska mai tsananin gudu can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, wadda ke tasowa daga yamma ta kan tekun Atlantika. Ita ke koro hadari ɗaya bayan ɗaya zuwa tsibirin. In ta ɗan karkata arewa ko kudu, sai labari ya sha bamban.

Hukumar duba yanayi ta ƙasar, watau Met Office, an kafa ta tun 1854, kuma a 1861 ne shugabanta Robert FitzRoy ya fara buga wa jama'a hasashe a jarida. Yanzu da taurarin ɗan'adam da manyan kwamfutoci ake aikin. Hukumar ta ce hasashenta na kwana 4 ya kai ingancin na kwana 1 a shekarar 1980.

An ga amfanin haka a Disamba 2015, lokacin guguwar da aka sa wa suna Desmond. Hukumar ta ba da gargaɗi mafi tsanani game da yankin Cumbria. Aka kuwa sheƙa ruwa har milimita 341 cikin awa 24 a Honister, dubban gidaje suka cika da ruwa, har da na birnin Carlisle. Gargaɗi bai tsai da ruwa ba, amma ya ba mutane damar shiri.

To, hasashen dogon zango fa? Nan gizo ke saƙar. Tun 1963 wani masani Ba'amurke, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskure kaɗan wajen awon yau yakan yi ta girma har ya ɓata lissafi duka. Shi ya sa bayan kamar mako 2 ba mai iya cewa ran kaza za a yi ruwa a gari kaza.

Hukumar ma ta ji a jikinta. A 2009 ta ce ana sa ran hunturu mai sauƙi, sai aka yi sanyin da aka yi wajen shekara 30 ba a ga irinsa ba. Aka yi mata ca, har a 2010 ta dakatar da irin wannan sanarwa. Abin da take bayarwa yanzu na wata 3 rinjaye kawai yake nunawa, watau ko ruwan zai fi na kullum ko zai gaza.

Saboda haka, mai karatu, in ka ji hasashen gobe ko jibi, ɗauki lema. In kuwa na wata 3 ne, saurara, ka yi tanadi, amma kada ka sa ranar biki a kansa.