Sauya kafet ɗin tsohuwar mota a Katsina: Aikin da ya wuce zaɓen launi

Idan damina ta yi nisa a Katsina, wanda ya buɗe ƙofar tsohuwar Golf da ta kwana a rufe, wari ne ke fara yi masa maraba. Mai motar zai sayo turare ya rataya a madubi, ya kai ta wajen wanki, ya bar ta a rana gilasai a sauke. Bayan kwana biyu warin ya dawo, domin tushensa na ƙarƙashin ƙafarsa, cikin kafet ɗin da ya shekara ashirin ko talatin yana shan ruwa da ƙura da man girki da ya zube a hanyar kasuwa.

Daga nan ne ake nufar masu ɗinkin kujerun mota, waɗanda ake samun rumfunansu a jikin garejojin makanikai a birnin da kuma bakin hanyoyin da suka fita zuwa Kano, Dutsin-Ma da Jibiya. Galibin masu zuwa abu biyu suke tambaya: wane launi ake da shi, kuma nawa ne. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci kuwa sai an ɗaga tsohon kafet ɗin ake ganinsa.

Dalilin da ya sa ake riƙe tsohuwa

Shekaru da dama, motocin da ake kira 'yan Kwatano suna shigowa Arewa ne ta Jamhuriyar Nijar, su biyo ta Maraɗi su faɗo Jibiya. Daga 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan a watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya har zuwa Disambar 2020. A 2023 kuma aka cire tallafin man fetur, darajar Naira ta faɗi, farashin mota ya yi tashin gwauron zabo.

Ma'aikacin da a da yake sauya mota bayan 'yan shekaru, yanzu lallaɓa ta hannunsa yake yi. Golf 3 da ake lodin fasinja da ita an fara ƙera ta ne a 1991, Peugeot 406 kuma a 1995. Har yanzu akan ci karo da 504, irin wadda kamfanin PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya riƙa haɗawa. Injin irin waɗannan motoci ana iya saukewa a ɗora wani. Ƙasan motar kuwa, idan tsatsa ta gama da shi, magana ta kusa ƙarewa.

Abin da ke ƙarƙashi

Kafet ɗin da mota ke zuwa da shi daga kamfani ba shimfiɗa ba ce irin ta falo. An gasa shi ne a kan ma'auni har ya ɗauki siffar ƙasan motar, da tudun da ya ratsa tsakiya da ramukan ajiye ƙafa. A ƙarƙashinsa akwai wani kauri mai kama da bargo, wanda ke tare zafin salansa da ƙarar hanya. Wannan bargon ne ke riƙe ruwa. Saman kafet zai iya bushewa cikin yini ɗaya, na ƙasan kuwa ya yi makonni a jiƙe yana cin ƙarfe a hankali.

Ruwan na da ƙofofi da yawa. Robar ƙofa da zafin Afrilu ya busar ta tsage, ko gefen gilashin gaba da aka taɓa sauyawa ba a liƙe da kyau ba. Akwai bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota, wanda idan ƙurar hunturu ta toshe shi sai ruwan ya koma ciki, ya taru a gefen mai zaman banza. Akwai kuma ƙananan robobin da ke toshe ramukan ƙasan mota, waɗanda kan faɗi ba a sani ba, sai ran da aka ratsa ruwa a titi. Idan jiƙar na da santsi a hannu, akwai yiwuwar ruwan lagireto ne ke yoyo daga na'urar ɗumama mota da ke bayan dashbod.

Duk wanda ya shimfiɗa sabon kafet bai gano ta inda ruwan ke shiga ba, ya yi kyan ɗan maciji ne kawai. Ƙwararren mai aiki kan tsaya a nan, ya kankare tsatsar da burushin ƙarfe, ya shafa jan fenti mai hana tsatsa, inda ya huje kuma ya tura mai motar wajen mai walda. Nan ne rigima kan tashi, domin mai mota ya zo da kuɗin kafet ne a aljihu, ba da na walda ba.

Yanka ba ya komawa

Kafin a kai ga haka sai an kwashe cikin motar: kujerun gaba, waɗanda yawanci noti huɗu ke riƙe da kowace, kujerar baya, murfin da ya kewaye giya da birkin hannu, da robobin bakin ƙofa. A motocin da ke da jakar iskar kariya a jikin kujera, akwai waya mai kan rawaya a ƙarƙashi. Ƙa'ida ita ce a cire kan batir a ɗan jira kafin a taɓa ta. Yaron shago da ya fizge ta mota na kunne zai bar mai ita da jar fitila a dashbod, wadda sai an kai ta wajen mai kwamfuta.

Tsohon kafet, komai ƙazantarsa, ba a yayyaga shi. Ana ciro shi ne ɗungurungum, saboda shi ne ma'aunin sabon. Wanda ya yi sa'a yakan samu na irin motarsa da aka ciro daga wadda aka farfasa, a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano. Wannan zama yake yi daram kamar an gwada. Mafi yawa dai na yadi ake yankowa daga nadi, kuma a nan ake gane hannu.

Ana fara shanya shi a rana ya yi laushi, abin da ba ya wahala a Katsina. Sai a ɗora shi daga tudun tsakiya, a daidaita, a riƙa turawa zuwa gefe. Wurin giya ana fara tsaga shi ne ƙarami, a zura sandar, sannan a faɗaɗa kaɗan-kaɗan. A gefuna ana barin rara kamar faɗin yatsu biyu ko uku, ba a datsewa sai komai ya zauna, domin kafet yana janyewa idan aka danna shi cikin ramukan ƙafa. Wanda ya yi gaggawar datse gefe zai ga ya gaza kaiwa bakin ƙofa, kuma babu gam ɗin da zai mayar da abin da reza ta cire. Inda tudu ya yi lanƙwasa sosai, sai an tsaga an ɗinke a keke, in ba haka ba ya tattare kamar zanin da ba a goge ba.

Ramukan noti su ne ke cin lokaci. Ana laluben kowane rami da tsinken ƙarfe ta saman kafet, a yi ƙaramar tsaga mai siffar gicciye, wasu kuma su ƙona bakin da ƙusa mai zafi don kada zare ya warware ya naɗe a jikin noti. Notin da ke riƙe bel da na kujera dole su zauna a kan ƙarfe kai tsaye. Idan aka matse kafet mai kauri a tsakani, yana lotsewa da tafiya, notin ya saki, kuma ba a gane hakan sai ranar da aka taka birki da ƙarfi.

Gefen direba

Wurin da ya fi kowane haɗari bai wuce faɗin sallaya ba: ƙarƙashin totur, birki da kuloci. Rarar kafet da ta tattare a nan, ko ƙaramar shimfiɗar ƙafa da ke zamewa, tana iya hana birki kaiwa ƙasa ko ta riƙe totur a danne.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Agustan 2009, kusa da birnin San Diego na Amurka, mutum huɗu 'yan gida ɗaya sun mutu a cikin wata Lexus bayan shimfiɗar ƙafa da ba ta motar ba ce ta maƙale totur. Bayan haka kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 3.8 a Amurka kan matsalar shimfiɗa. A nan gida kuwa ba abin mamaki ba ne a ga direba ya jibga shimfiɗa biyu ko uku a gefensa, wai don kada sabon kafet ya yi datti.

Direbobin haya da ke jigila zuwa Daura, Funtuwa ko Jibiya sun fi son leda a kan kafet, kuma suna da hujja: buhun hatsi, jarkar manja da ƙafafun fasinja a kasuwar ƙauye ba su san kafet ba, leda kuwa tsumma ɗaya ya ishe ta. Illarta ita ce ba ta numfashi. Ruwan da ya samu hanya ya shiga ƙarƙashinta ba shi da mafita, musamman idan an shafe ƙasan gaba ɗaya da gam. Masu lura sukan sa gam ne a tudun tsakiya da gefuna kawai, yadda za a iya ɗagawa a duba bayan damina.

Kafin mai mota ya biya cikon kuɗi, akwai abin da zai iya gwadawa a nan bakin shago: ya taka kowace feda har ƙasa injin na kashe, ya tura kujera gaba da baya ya ji ko tana kama wani abu, ya fizgi bel da ƙarfi, ya rufe ƙofofin huɗu ya ga ko akwai wadda kafet ya tokare. Warin gam kan ɗauki kwanaki kafin ya fita, don haka gilasai a sauke ake tafiya da ita gida.