Ƙwannafin da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

Jama'a sun raina ƙwannafi. In ya taso, sai a jiƙa kanwa a sha, a ci gaba da harka. Amma duk wanda yake damunsa sau biyu ko fiye a mako, lalle ya nemi likita.

A ƙarshen bututun da abinci ke bi zuwa ciki akwai wata tsoka mai aikin ƙofa. Idan ta saki, sai ruwan tsamin ciki ya riƙa komowa sama, yana ƙona ƙasan bututun har ya saluɓe. Ƙiba, shan taba, juna biyu da kwanciya da zarar an ci tuwon dare, duk suna jawo haka.

Likita kan ba da maganin rage tsami, irin su omeprazole, na kimanin mako 8, wani lokaci kuma ya zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki ya duba. Majinyaci kuma ya bar awa 3 tsakanin abinci da barci, ya ɗaga kan gadonsa.

Wanda abinci ke maƙale masa, ko yake aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi, to, ya garzaya asibiti. Sakaci kan sa bututun ya tsuke, ga wasu ƙalilan ma har ya kai ga ciwon daji.