Me Ya Sa Kabewa Ke Zubar Da Fure?

Duk damina mata a Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa sukan yi kuka iri ɗaya: kabewa ta haye danga, ta yi fure rututu, amma furen sai zuba yake, babu ɗa. Wata ma har ta ce baki ne. To kafin ki zargi kowa, tsinko furen kuɓewa guda a bayan ɗaki mu duba tare.

Fallayen nan biyar masu ruwan ɗorawa, da ja a gindinsu, su ne kwalliyar fure. Aikinsu kiran ƙudan zuma, kwana ɗaya sun yanƙwane. A ƙarƙashinsu akwai kwanson da ya rufe furen tun yana toho. Kin ma san shi, don a jikin yakuwa shi ne yake yin kauri ya zama zoɓorodon da kike jiƙawa yara su kai talla.

Yanzu leƙa tsakiya. Garin nan da ya shafe miki yatsa, kamar bununin gero, daga sashen namiji yake. Kan da ke can ƙololuwa kuma na mace ne, ya gangara har mahaifar da ke gindin furen. Sai garin ya sauka a kan nan sannan mahaifar ta kumbura ta zama ɗa.

Kuɓewa ta haɗa duka biyun a fure ɗaya. Kabewa kuwa ta raba su. Namijin furenta yana da dogon sanda siriri, shi ke fara fitowa, ya fi yawa, kuma dole ya faɗi, ba ya haihuwa. Macen za ki gan ta da ɗan ƙulli kamar goriba ƙarama a gindi. Idan ita ce ke ruɓewa tana zuba, sau da yawa zuma ce ba ta zo ba.

Sai ki yi aikin da kanki. Da sassafe, kafin hantsi ya rufe furen, tsinki namijin da ya buɗe a ranar, ki yage fallayensa, ki goga tsinken tsakiyarsa a kan macen a hankali. Bayan 'yan kwanaki za ki ga ƙullin ya fara girma. Kuma don Allah ki roƙi maigida kada ya yi feshin maganin ƙwari da safe, lokacin da zuma ke kiwo.