Ƙananan Damuwoyin Yau da Kullum: Yadda Suke Taruwa Su Zama Ciwo

Akwai rukunin marasa lafiya da duk likitan da ya daɗe yana duba mutane ya san su. Suna zuwa da ciwon kai mai kama da an tamke kan da igiya, ko zafi a tsakar ka, ko yawan faɗuwar gaba, wasu kuma su ce wani abu ne ke yi musu yawo a jiki. Barci ya ƙaurace, abinci ba ya daɗi. Kafin su iso asibiti sun sha maganin maleriya sau biyu ko uku, sun sha na taifod, amma shiru. A yi gwaje-gwaje a ga komai lafiya. Idan aka tambaye su ko wani babban abu ya faru, sai su ce a'a. Ba a yi rasuwa ba, ba gobara, aure bai mutu ba. Amma da an tambayi yadda yininsu yake, sai labari ya fito: kuɗin cefane ba ya isa, kuɗin mota ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai gidan haya ya aiko, babu wuta ga zafi, ga kishiya ko suruka, ga maigida a wurin aiki da ba ya yabawa.

Ko ɗaya a cikin waɗannan bai kai a kira shi masifa ba, shi ya sa mai su ba ya ɗauka suna da alaƙa da ciwonsa. Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1981 Richard Lazarus, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, shi da abokan aikinsa sun bibiyi manyan mutane 100 na tsawon watanni. Suka gano cewa yawan ƙananan ɓacin rai na yau da kullum ya fi nuna wanda zai shiga ƙuncin zuciya, fiye da manyan abubuwan da suka same shi. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Idan aka yi wa mutum rasuwa, jama'a za su taru, a yi ta'aziyya, a ɗauke masa wasu ɗawainiyoyi. Babu mai zuwa jajen tsadar gawayi.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙaramar halitta mai fitar da sinadarai. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika mata saƙo ta saki sinadarai biyu, adirinalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, jini ya hau, suga ya ƙaru a jini, tsoka ta ɗaure, narkar da abinci kuma ya ja baya. Wannan shiri rahama ne ga wanda kare ya biyo ko mota ta yi kansa. Da haɗarin ya wuce, jiki ya koma daidai.

Matsalar ita ce wannan ƙararrawa ba ta bambance kare da saƙon mai bin bashi. Kare zai wuce a cikin minti biyar, bashi kuwa da shi ake kwana, da shi ake tashi. A al'ada kotisol yana yawa da safe don ya tashi mutum, ya ragu da dare don a samu barci. Damuwa mai tsawo tana dagula wannan tsari, sai mutum ya kwanta a gajiye amma ido biyu. Tsokar wuya da ta ka da ta yini a ɗaure ita ke kawo ciwon kan nan. Ciki ya riƙa kumburi ko zafi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga awonsa ya ƙi sauka duk da yana shan magani. Wanda bai yi barci ba kuma fushinsa a kusa yake, sai ya huce a kan mata da yara, gida ya ƙara zafi, damuwa ta ƙaru. Don haka wanda ya ce kansa na ciwo saboda damuwa ba ƙarya yake yi ba, ba kuma raki ba ne. Ciwon gaskiya ne.

Fassarar da zuciya ke yi

Mutum biyu za su gaishe da maƙwabci ɗaya bai amsa ba. Na farko ya ce wataƙila bai ji ba, ko akwai abin da ke damunsa, ya wuce harkarsa. Na biyu ya ce raini ne don ya ga ba ni da shi, ya yini yana juya maganar, ya kwana da ita. Abu ɗaya ne ya same su, amma jikin na biyu ya sha awanni a cikin shirin faɗa. Lazarus ya bayyana cewa a gaban kowane lamari zuciya tana yin tambaya biyu cikin sauri: shin wannan barazana ce gare ni, kuma ina da abin da zan tare ta da shi? Amsar da ta bayar ita ke yanke tsawon lokacin da ƙararrawar za ta yi tana kaɗawa.

Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya lura a shekarun 1960 cewa masu ciwon damuwa suna da wasu hanyoyin tunani da suke maimaitawa ba tare da sun ankara ba. Kasuwa ta yi sanyi kwana biyu, mutum ya ce shi ke nan na karye. Ta yi kuskure ɗaya a girki, ta ce ni ban taɓa iya komai ba. A kan wannan ya gina hanyar magani ta tattaunawa da ake amfani da ita a duniya har yau, inda ake koya wa mutum ya kama tunanin ya tambaye shi hujja. Kowa zai iya gwada ɗan wannan a gida. Idan tunani ya tsaya maka a rai, tambayi kanka: mene ne shaidata? Akwai wata fassara? Da ƙanena ne ya zo mini da wannan magana, me zan ce masa? Yawancinmu mun fi yi wa wasu adalci a kan kanmu.

Sai dai a yi hattara. Kyakkyawan tunani ba ya sauke farashin shinkafa, kuma zalunci ne a ce wa matar da ake duka ta gyara tunaninta. Haƙuri da tawakkali garkuwa ne babba, mun sha ganin yadda suke riƙe mutane a cikin mawuyacin hali. Amma haƙurin da ake nufi ba shi ne haɗiye magana shekara da shekaru ba. Sau da yawa "yi haƙuri" hanya ce ta rufe bakin mai kuka kafin a ji abin da ke ransa. Haka kuma cewa mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni yana ƙara masa nauyin ganin laifin kansa, ya hana shi zuwa asibiti.

Daga ina za a fara

Mu a wurinmu barci ne farko, domin sauran gyare-gyare ba sa kamawa idan babu shi. Babban mutum yana bukatar awa 7 ko fiye. Shayi mai kauri, gahawa, goro da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin da ke hana barci ya kuma ƙara bugun zuciya, a bar su daga la'asar. A ajiye waya kafin a kwanta, musamman bidiyoyin tashin hankali da ake turawa a WhatsApp. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar. Idan gaba ta faɗi, a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, na 'yan mintuna. Wannan yana rage gudun zuciya.

Yana da amfani a raba damuwa gida biyu, wadda ake da iko a kanta da wadda ba a da shi. Ta farko a yi mata mataki ko da ƙarami ne. Zuwa wurin mai bin bashi a nemi a raba biya ya fi wata guda ana kashe waya. A kuma samu mutum ɗaya mai riƙe sirri a riƙa faɗa masa. Maza sun fi sakaci a nan, za a yini a majalisa ana siyasa da ƙwallo ba wanda ya san abin da ke cin ɗan'uwansa. Tiramadol, kodin da ƙwayoyin barci na kemis kuwa suna kwantar da hankali na awanni, su bar mutum da ciwo biyu.

Idan ƙunci ko rashin jin daɗin abubuwan da aka saba so ya kai mako biyu kusan kullum, ko ya hana aiki da kula da gida, abin ya wuce gajiya, a ga likita. Zai fara duba wasu cututtukan da ke kama da damuwa, kamar ƙarancin jini da matsalar halittar maƙogwaro mai kawo maƙoƙo. Idan akwai bukata zai tura ka sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka, da yawa daga masu zuwa ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ke komawa bakin aikinsu a ranar. Abu biyu ne ba sa jiran mako biyu: ciwon ƙirji mai sauka hannu ko haɓa tare da gumi, da kuma tunanin cewa mutuwa ta fi ko niyyar cutar da kai. Mai ɗaya daga cikinsu a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.